Yadda Sanyi Ya Shiga Zauren Baba

Mahaifina malami ne a Limawa, cikin garin Dutse. Ba yara yake karantarwa ba, manya ne ɗalibansa. Tun ina ƙarama, da an idar da sallar azahar sai takalma su fara taruwa a ƙofar zaurenmu: 'yan kasuwa da suka bar rumfa a hannun maƙwabci, ma'aikatan gwamnati da suka sulale daga ofis, teloli, wani kafinta da ya fi kowa daɗewa, daga baya har da masu tuƙa adaidaita sahu. Kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya. Baba yana zaune a kan buzu ya jingina da bango, yana biya wa kowa nasa har a kira la'asar. Ni kuma ina bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, ina tsinkar zogale ko gyaran wake, kunnena yana zaure. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce “uwata”.

Na yi aure na koma Yalwawa, ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Baba ya tsufa, hawan jini ya kama shi, amma karatu bai tsaya ba. Sai wata bazara ta zo da zafin da tsofaffi ma suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Duwatsun garin nan suna shan rana tun safe, su yi ta amayar da ita har bayan magariba. Zauren Baba kuwa rufin kwano ne, ba silin, fankarsa iska mai zafi kawai take juyawa.

Ina cikin aji Inna ta kira ni a waya. Inna ba ta kira a lokacin aiki, don haka na yi maza na ɗauka.

“Ki zo, Malam ya faɗi,” abin da ta ce ke nan.

Ashe Baba yana tsakiyar fassara wa kafintan wata jimla sai ya yi shiru, littafin ya zame daga hannunsa, ya tafi gefe guda. Kafintan ne ya tare shi kafin kansa ya bugi ƙasa. A asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, ya farfaɗo. Likita ya ce da shekarunsa da maganin da yake sha, zama cikin zafin tsakar rana kasada ce, in aka sake ba lallai abin ya zo da sauƙi haka ba.

Karatu ya tsaya. Baba ya koma kwanciya a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, Inna tana jiƙa masa tawul. Jikin ya yi sauƙi, amma shi bai dawo ba. Abinci sai an yi da gaske, magana kuwa sai dai amsa gaisuwa. In an idar da azahar nakan ga ya juya fuska wajen zaure, ya daɗe yana kallon labulen, sannan ya rufe ido.

Yayana da ke aiki a Kano ya aiko da esi, na'urar sanyaya ɗaki, tsohuwa 'yar kwatano, irin wadda ake fasa bango a zura. Aka sa ta a ɗakin Baba. Ranar da aka kunna ta sai ka rantse injin markaɗe aka shigo da shi gida. Ƙwayayen fitilarmu suka dushe, na maƙwabcinmu ma haka, har matarsa ta leƙo ta katanga tana tambayar ko wutar ce ta lalace. Katin mita da ke kai mu makonni ya ƙare kafin Juma'a. In wuta ta zo da rauni kuma, sai ta yi ta gurnani ba sanyi. Baba bai jure ta ba.

“A kashe abin nan,” ya ce. “Ba zan kwanta ina shan sanyi maƙwabcina yana cikin duhu ba.”

Aka kashe. Inna ta lulluɓe ta da tsohon zane, ta mayar da samanta wurin ajiye kwanon goro.

A ɗakin malamai na ji labarin rangwamen. Wata abokiyar aikina ce ta ce kamfanin wuta, tare da wata ƙungiya, sun fara gwada wani shiri a wasu unguwanni: ka kai musu tsohuwar esi mai shan wuta, su rage maka kaso mai tsoka daga kuɗin sabuwa wadda ba ta ci sai kaɗan, sannan su ƙara maka da katin wuta a mita. Na biya ofishinsu a hanyata ta komawa gida, na tarar gaskiya ne, kuma Limawa tana ciki. Maigidana ya ce in yi, Yaya ya ce shi zai cika abin da ya rage. Na tafi gida da murnata, ina ganin magana ta ƙare.

Baba ya saurare ni har na gama, yana kwance da tawul a goshi. Sannan ya tashi zaune.

“Uwata, su wa kika ce za su rage kuɗin?”

“Kamfanin wuta, Baba.”

“Masu sayar mana da wutar?”

“Su.”

“Mai sayar da wuta zai biya ni don in rage sayen wuta?”

Na ce ai taimako ne. Ya girgiza kai.

“Na ga masu taimako da yawa a rayuwata. Amma ban taɓa ganin mai sayar da mai ya bi mutum da kuɗi yana roƙonsa ya rage shan mai ba. Ko dai bashi ne aka lulluɓe, ko akwai wani ƙari da ba a faɗa ba. Je ki tambayo. Abin da ban gane ba, ba ya shiga gidana.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutum yana kwance zafi yana neman hallaka shi, an samo masa mafita, shi kuma ya tsaya bincike. Na shiga kicin ina ƙunƙuni. Inna tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba.

“Yau kika san shi?” ta ce. “Je ki tambayo masa. In ba haka ba, ko kyauta aka kawo ta a ƙofar gida za ta kwana.”

Na koma ofishin. Wanda na samu a tebur ya ce shi dai haka aka ce su yi, in ina so in cika takarda, in ba na so in ba na baya wuri. Na ce ina neman wanda ya san dalili. Ya ce sai dai injiniya, kuma ta fita duba layi. Na zauna a benci na jira ta har inuwa ta juya. Da ta dawo sai na ga mace ce sa'ata, da hular kwano a kan mayafinta, gumi ya jiƙa mata fuska. Na gaya mata tambayar mahaifina kamar yadda ya yi ta. Ta yi dariya, ta jawo min kujera.

“Malama, tunda muka fara shirin nan ba wanda ya tambaye ni wannan. Kin ce daga Limawa? Kin tuna lokacin da taransifomarku ta ƙone bara?”

Wa zai manta? Mun daɗe a duhu, har ruwan sanyi sai da muka riƙa aikawa wata unguwa a sayo.

Ta ce tsohuwar esi guda ɗaya tana jan wutar da za ta ishi gidaje da dama. In zafi ya yi tsanani kowa ya kunna tasa a lokaci guda, taransifoma ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, ta ƙone. Kamfani ya nemo kuɗin wata, kuma duk tsawon lokacin da take a ƙone ba ya sayar wa kowa wuta a unguwar. Rangwamen da za su yi mana ya fi musu araha nesa ba kusa ba. Wutar da muka rage kuma ba zubar da ita za a yi ba, ga mai walda da mai niƙa da tela suna jiranta. Ba bashi ba ne, ba abin da za a biya daga baya. Sharaɗin dai a ba su tsohuwar su lalata ta, don kada ta koma gidan wani ta ci gaba da ɓarnar. Sannan ɗakin da za a sa sabuwar ya zama mai silin da ƙofa mai rufuwa, in ba haka ba sanyin bin iska zai yi.

Ban ma biya gidana ba, na wuce Limawa. Na durƙusa gaban Baba na zayyana masa komai. Ya shafa gemu, sannan ya jefo tambaya.

“In ta lalace bayan an sa, za su ce in mayar musu da abin da suka rage?”

“A'a, Baba. Gyara ma su za su yi, in ba a daɗe ba.”

“Wutar da na bari, wa take tafiya wa?”

“Maƙwabta, da masu sana'a.”

“To,” ya ce, a karon farko cikin makonni na ga murmushi a fuskarsa. “Wannan ciniki ne a fili, kowa ya san abin da ya samu. Su sun tsira da taransifomarsu, ni na samu sanyi, maƙwabcina ya samu haske. Na gane, na kuma yarda. Amma ba a ɗakina za a sa ba.”

“A ina, Baba?”

“A zaure.”

Na ce zaure ba silin, ƙofarsa asabari ce, ba za su amince ba. Na ce kuma tsakar rana ne aka fi ɗauke wuta. Na ce likita hutu ya ce ya yi.

“Uwata,” ya ce a hankali, “ni ba wurin kwanciya na rasa ba.”



Inna ce ta ɓallo maganar. Kafintan ya zo gaishe da Malam, ta tsaya a bayan labule ta gaya masa halin da ake ciki. Bai ce mata komai ba sai “to, Inna”. Ranar Alhamis, da yake ba a karatu, na zo da safe na tarar ƙofar gidanmu kamar ana biki. Wani ɗalibin Baba mai shagon kayan gini ya sauke katako da allunan silin, ya ce kada wanda ya yi masa maganar kuɗi. Kafintan yana saman tsani da ƙusoshi a baki. Ma'aikatan ofis da ban taɓa ganinsu ba babbar riga ba sun naɗe hannun riga suna miƙa masa katako, yana yi musu tsawa in sun miƙo a karkace. Tela ya auna ƙofar cikin gida don ya ɗinka labule mai kauri. Inna ta dafa shinkafa da wake a babbar tukunya, na yi ta zubawa a faranti.

A kan ƙofar waje aka samu matsala. Da Baba ya ji za a sa ƙofar katako mai rufuwa, sai ya taso da sandarsa.

“Zauren malami ba a rufe shi da rana. Wanda ya zo ya ga ƙofa a rufe zai ɗauka an kore shi, ya juya.”

Aka tsaya cirko-cirko. Sai wani mai walda daga cikin ɗaliban, mutum mai ƙarancin magana, ya ce, “Allah gafarta Malam, in aka yi ta gilashi fa? Mai wucewa zai gan ka, kai ma ka gan shi.”

Baba ya dube shi, ya dubi ƙofar. “Yi ta gilashin,” ya ce, ya koma inuwarsa.

Maganar ɗauke wuta kuma, maigidana ne ya bincika. Aka gaya masa sabuwar esin ba ta fizgar wuta in za ta tashi, a hankali take farawa, don haka 'yan farantan sola kaɗan za su iya riƙe ta muddin akwai rana. Shi da Yaya suka haɗa suka saya, aka jera su a kan rufin zauren.

Fitar da tsohuwar sai da ƙarti suka taru. Ta zauna daram a bango kamar da ita aka gina ɗakin. Da ta fito, ƙadangaru suka watse daga bayanta, Inna ta karɓe zanenta da kwanon goronta. Ɗaya daga cikin masu adaidaita sahun ya ɗaure ta a bayan kekensa, ya ce shi zai kai ta ofis. Inna ta bi su har bakin zaure ta ce, “A sauka lafiya, ba ma kewarki.”

Injiniyar da kanta ta zo duba ɗakin. Ta cire takalmi a waje, ta durƙusa ta gaishe da Baba. Ya ce mata, “Ke ce kika amsa tambayata?” Ta ce ita ce. Ya sake yi mata tambayar daga farko, ta sake amsawa, yana gyaɗa kai. Ya sa mata albarka, ya ce Allah Ya ƙara mata sani. Ta duba silin, ta tura ƙofar gilashin ta ga tana rufuwa tsaf, ta ce komai ya yi. Bayan kwana kaɗan masu haɗawa suka zo suka ɗora farar na'ura a saman bango, daidai inda Baba yake jingina, ɗaya ɓangarenta kuma suka kafa shi a waje.

Ranar da za a koma karatu na nemi izini a makaranta. Ana idar da azahar takalma suka fara taruwa. Wutar kamfani ba ta nan, rana kuwa tana dukan kwano kamar yadda ta saba. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna a bayan sabon labulen. Na ji an shigo da Baba, na ji ƙarar sandarsa, na ji ya zauna a kan buzu. Aka rufe ƙofa. 

“An kunna kuwa?” Baba ya tambaya.

“An kunna, Allah gafarta Malam.”

“Ban ji ƙara ba.”

“Ba ta ƙara.”

A lokacin ne na ji sanyi yana fitowa ta ƙarƙashin labule yana taɓa min ƙafa. Na ji Baba ya ja dogon numfashi ya ce, “Alhamdulillahi.” Sannan ya yi gyaran murya.

“Ina muka tsaya?”

Kafintan ya buɗe littafinsa ya karanto jimlar da Baba ya faɗi a kanta.  Baba ya karɓa daga nan ya ƙarasa fassarar, ya wuce ta gaba, ya wuce ta gabanta. Da farko muryar a dashe take, amma kafin ya gama da mutum na uku ta buɗe, ta koma wadda na sani tun ina yarinya, mai hawa da sauka, mai tsayawa ta ce “ka gane?” Inna ta zo ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.  Ni kuwa hawaye kawai nake sharewa da gefen mayafi.

Can wajen ƙarshe sai na ji zauren ya ɗauki dariya. Ashe wani dattijo ɗan kasuwa ne sanyi ya ratsa, ya yi barci a zaune har da minshari, littafi a buɗe a cinyarsa. Baba ya ce, “Ku ƙyale shi. Ya daɗe bai samu irin wannan ba. Gobe ma biya masa biyu.” Aka kira la'asar Baba bai gaji ba. Da ya shigo gida ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari.

Katin da aka yi alkawari ya shiga mita ba da daɗewa ba. Inna ce ta fara lura, ta ce mitar ta daina kukan nan nata na neman kuɗi. Maƙwabta masu tsofaffin esi suka fara zuwa tambaya, wasu da irin shakkun da Baba ya yi. Shi da kansa yake zaunar da su ya yi musu bayanin taransifoma da mai walda da mai niƙa, dalla-dalla kamar yana fassara littafi, in ya gama ya ce su nemi uwata ta nuna musu ofis. Na raka mutane da dama. Taransifomar unguwarmu ba ta ƙone ba a wannan bazarar. Ba zan ce saboda mu ba ne, don ban sani ba, amma Baba yakan faɗi haka da jin daɗi. Kafin damina ta sauka kafintan ya sauke littafinsa, wanda ya shafe shekaru yana ja. Aka yi walima da waina da miyar taushe, zauren ya cika har waje, mutane suna leƙe ta gilashi.

Da sanyi ya shigo, wata safiyar Asabar na je gaishe su, na tarar da Baba a zaure ya naɗe da bargo, ga kaskon garwashi a gabansa, ƙofa a rufe, yana tari. Na yi maza na fitar da kaskon na buɗe ƙofa. Na kira injiniyar, don mun saba har muna gaisawa, na tambaye ta ko hayaƙin garwashi zai ɓata na'urar.

“Garwashi kuma?” ta ce. “Malama, ai na'urar tana ɗumama ɗaki. Masu haɗawa ba su gaya muku ba? Zafi take kwashewa daga wuri ta kai wani wuri. Da bazara ta fitar da shi waje, da sanyi ta shigo da shi ciki. Duba abin kunnawar, akwai alamar rana, danna ta.”

Na rufe ƙofa na danna. Muka zauna muna kallon bango ni da Baba. Ba a jima ba iska mai ɗumi ta fara saukowa. Baba ya miƙa tafin hannunsa sama, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya zame bargon daga kafaɗarsa, ya miƙe ƙafafunsa da ke masa ciwo duk lokacin sanyi.

“Ikon Allah,” ya ce. “Uwata, kira min Innarku. Ki ce ta kawo kokon nan, ta zo da nata kofin.”

Inna ta leƙo ta labule tana cewa ita me za ta yi a zauren maza. Baba ya ce ba kowa sai azahar, ta shigo. Ta shigo tana ɗari-ɗari, ta zauna a gefen tabarma, ta ajiye ƙosai a tsakiya. A iya sanina ban taɓa ganinta zaune a zauren nan ba. Ta sha koko, ta cire safar da ke ƙafarta, ta ce in miƙo mata sukari.